Daga Tiga zuwa Difa: amsa ga mai tambaya kan haɗin kan ƙasashen Afirka

Wani matashi ɗan Gashuwa da ke shekarar ƙarshe a jami'a ya turo mini tambaya. Ya ce kullum yana jin "ci gaba mai ɗorewa" da "haɗin kan al'ummomin Afirka" a rediyo da bakin manya, amma shi bai taɓa ganin abin a ƙasa ba. Shin akwai inda ya taɓa aiki, ko dai duk zaman otal ne da ɗaukar hoto da raba kuɗin zama?

Ɗana, ka yi tambaya mai kyau, kuma amsarta na wucewa ta bayan garinku ba dare ba rana. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina aikin ruwa, galibi awon koguna da lissafin abin da madatsu ke riƙewa da abin da suke saki, don haka da ruwa zan amsa maka. Shugabanni za su iya rungumar juna a gaban kyamara suna cewa mu 'yan'uwa ne, amma in kana son sanin gaskiyar zumuncin maƙwabta biyu, duba yadda na sama yake yi wa na ƙasa da kogin da ya ratsa su.

Mu fara da naku. Ruwan da kake gani a ƙarƙashin gadar Gashuwa haɗuwar koguna biyu ne. Na farko kogin Haɗeja, wanda shi ma haɗin kogin Kano ne da na Calawa. Na biyu kogin Jama'are, da ke saukowa daga tsaunukan Jos ya ratsa ƙasar Bauci. Bayan sun haɗu sai a kira shi Yobe, ya wuce Gaidam, ya karɓi Komadugu Gana a wajen Damasak, daga nan ya zama shi ne iyakar Najeriya da Nijar har ya faɗa Tafkin Cadi. Difa da Boso suna hagunsa, Damasak da Malam Fatori suna damansa. Mutanen gaɓa biyun nan harshensu ɗaya, suna auratayya, suna cin kasuwa ɗaya, kuma naira ta daɗe tana yawo a Difa kamar a gida.

A 1974, zamanin Audu Bako, aka gama madatsar Tiga a kan kogin Kano. A 1992 aka ƙara ta Calawa a wajen Ƙaraye. Ba zan zagi waɗannan ayyuka ba, kuma duk wanda ya zage su bai san Kano ba. Ruwan famfon birnin yana dogara da su, tumatir da shinkafa da alkamar Kadawa da Kura daga nan suke sha, mutane dubbai sun tashi daga zaman banza na rani sun zama masu abin hannu. Sai dai lokacin da ake zana su, lissafin ya tsaya ne a kan wanda zai amfana a kusa. Ba a kirawo masuncin Nguru ba, ba a kirawo mai shinkafar fadama a Gashuwa ba, balle manomin tattasai a Difa, wanda ma ba ɗan ƙasa ba ne.

Ga abin da ya faru, kuma a nan nake so ka natsu, don shi ne zuciyar maganar. Kogi irin namu yana da numfashi. Da damina yakan cika ya malale fadamu, da rani ya janye har ka taka ƙafa ka haye. Wannan cika da janyewa su ne arzikin dausayin Haɗeja da Nguru. In ruwa ya malala, kifi ya shiga fadama ya yi ƙwai, shinkafa ta tashi, ruwa ya nutse ƙasa ya cika rijiyoyi. In ya janye, a bi sawunsa da wake da masara da alkama a kan laima, Fulani su sauko da shanu su ci ɗanyar ciyawa, su bar taki. Gona ɗaya, mutum uku suna cin ta a shekara, kowa da lokacinsa. Madatsa ta zo ta danne ambaliyar damina, sannan ta riƙa sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara saboda masu noman rani da famfo. Kogin ya daina cika sosai, ya kuma daina bushewa. Wanda ya ji daɗin wannan sabon yanayi shi ne kacala.

Kacala ciyawa ce da ba ta son komai sai ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa. A da rani ke kashe ta. Da ta sami ruwa shekara zagaye sai ta yi sarauta. Na taɓa shiga wata mashigar ruwa a ƙasan Haɗeja tare da mutanen wani ƙauye da suka fito aikin gayya. Mun bar kwale-kwale don ba ya iya kutsawa, muka shiga ruwa iya ƙirji. Ciyawar ta fi tsayin mutum nesa ba kusa ba, in ka ɗaga kai sai ka ga ɗan siririn sama. Samari na sara da lauje da adda, wasu na janye abin da aka sare zuwa gaɓa, matsattsaku sun lafe wa kowa a ƙafa. Wani dattijo da ke riƙe da igiyar awona ya nuna mini wani wuri ya ce a nan ya yi shekaru yana noma shinkafar da yake aurar da 'ya'ya da ita. Na dubi wurin, babu komai sai kacala da kukan jan-baki. Tsuntsun nan ya sami gidan kwana da ba mai iya kai masa hannu, da asuba ya tashi kamar hadari ya sauka a gonakin da suka rage. Mun share abin da bai kai tafiyar minti biyar ba a yini guda. Bayan damina biyu na koma, sai ka rantse ba a taɓa sa lauje a wurin ba.

Kacala da yashi suka toshe tsohuwar hanyar kogin Haɗeja, ruwa ya karkata zuwa mashigar Marma ya nufi tafkin Nguru. Sakamakon haka wasu garuruwa ruwa ya ci gonakinsu da hanyoyinsu, wasu kuma a ƙasa suna zaune a kan busasshen kwari suna jira. Yau mafi yawan ruwan da ke wuce Gashuwa na Jama'are ne, kogin da ba a datse ba tukuna. Shi ya sa duk lokacin da aka ta da maganar kammala madatsar Kafin Zaki a jihar Bauci, za ka ji Yobe da Barno sun ɗaga murya. Mutumin Bauci yana da hujjarsa, yana ganin Kano ta yi ta ci riba, don me shi za a hana shi? Na ƙasa kuma ya san igiyar da ta rage masa ke nan. Tun a shekarun 1990 masana tattalin arziki, ciki har da Edward Barbier, suka auna amfanin da dausayin ke bayarwa na kifi da noma da itace, suka gwada da na noman ranin sama, suka tarar in da yawan ruwan da aka sha za a yi lissafi, fadamar ta fi riba nesa. Sai dai ribar fadama a warwatse take a hannun talakawa, ba ta da allon da gwamna zai buɗe.

Kafin mu haye iyaka, lura cewa duk wannan rigima a cikin ƙasa ɗaya take. A 2006 aka tara gwamnonin Kano, Jigawa, Bauci, Yobe, Barno da Filato a Damaturu, aka amince da tsarin kula da kwarin baki ɗaya, aka kafa asusu na musamman. Wannan zama na cikin abubuwan kirki da na gani, don a karon farko na sama da na ƙasa sun dubi taswira ɗaya. An yashe wasu mashigu, an rage faɗa a wasu wurare. Amma in jihohi shida masu tuta ɗaya da shugaban ƙasa ɗaya sai da aka sha wannan wahala kafin su zauna, kai ma ka ƙiyasta yadda zai kasance da wata ƙasa.

Takarda dai akwai ta. Tun 1971 Najeriya da Nijar suka kafa hukumar haɗin gwiwa mai mazauni a Yamai. A watan Yulin 1990 suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan kwaruruka huɗu da suka haɗa su: Maggiya da Lamido, Gada da Gulbin Maraɗi, Tagwai da El Fadama, sai ƙasan Komadugu Yobe. Na karanta ta ba sau ɗaya ba, kuma rubutu ne mai hankali. Ta ce kowa na da haƙƙin kaso na adalci, a riƙa musayar bayanai, kada wani ya fara aikin da zai taɓa ruwan ɗan'uwansa sai ya sanar da shi sun yi shawara. Abin da ba ta da shi shi ne haƙori. Ba ta ɗaure mai riƙe da makullin madatsa da cewa a wata kaza zai saki ruwa kaza ba, kuma in ya ƙi ba abin da zai rasa.

Manomin tattasai a gaɓar Difa bai san da wannan takarda ba. Abin da ya sani shi ne ranar da ruwa ke isowa da ranar da yake ɗaukewa, don da su yake auna yaushe zai dasa, sau nawa injinsa zai yi ban-ruwa kafin kogi ya koma yashi. Tattasan nan shi ne zinariyar yankin, har jan zinariya ake ce masa, kuma in an shanya shi an ɗura a buhu, Najeriya yake nufa. Wato ruwan da ya taso daga Bauci ya shayar da gona a Nijar, amfanin ya dawo tukunyar miya a Maiduguri da Kano. Talakawa sun gama haɗa kansu tun tuni ba tare da an yi musu taro ba. Da rikicin Boko Haram ya tsananta, a 2015 hukumomin Nijar suka hana cinikin tattasai da na kifi a yankin don toshe wa 'yan bindiga hanyar kuɗi. Daga baya an sassauta, amma a shekarun nan mutanen gaɓa biyun tare suka talauce.

Gulbin Maraɗi kuwa ya fi ba ni sha'awa, don shi ya fi nuna wautar mai cewa ruwana ne. Yana tasowa a ƙasar Katsina, ya shiga Nijar ta Madarunfa ya wuce Maraɗi, sannan ya yi kwana ya dawo Najeriya ya shiga gulbin Rima a ƙasar Sakkwato. An gina madatsar Jibiya a kansa wajen 1990. To a wannan gulbi wa ke sama, wa ke ƙasa? Bakatsine na saman Bamaraɗe, Bamaraɗe na saman mutumin Sabon Birni. Duk abin da ka yi wa maƙwabci, ɗan'uwanka na gida zai iske shi a gaba.

Yanzu juya taswirar. A kan kogin Kwara, Nijar ce a sama, mu ne a ƙasa. An gama madatsar Kainji a 1968, ta Jebba ta biyo baya a 1985, kuma dukansu suna rayuwa ne da ruwan da ya ratso Gini da Mali da Nijar. A nan Najeriya ta san zafin zama a wutsiya, shi ya sa tun shekarun 1970 aka ja layin lantarki daga Birnin Kebbi zuwa Yamai. Fahimtar da kowa ya sani ita ce, mu ba ku wuta da sauƙi, ku bar mana kogi ya gudano. Shekaru da dama kusan kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga Najeriya take zuwa. A ganina wannan shi ne ciniki mafi wayo da ƙasashen biyu suka taɓa ƙullawa, saboda ba ruwan aka tsaya rabawa da mudu ba, amfaninsa aka raba. Kuma wanzami ba ya son jarfa: mu da muka datse Tiga ba mu tambayi Difa ba, mu ne muka fi kowa sa ido kan madatsar Kandaji da Nijar ke ginawa a yankin Tilaberi. Su ma suna da dalili. A watan Yunin 1985 kogin ya tsaya cak a Yamai, babban birni guda ya wayi gari yana kallon yashi. An aza harsashin Kandaji a 2008 zamanin Tandja Mamadou, da niyyar samar da megawat 130 da riƙe ruwan rani, kuma har yanzu aikin na tafiyar hawainiya.

Sai aka yi juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Cikin 'yan kwanaki ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar. Ba zan shiga siyasar wa ke da gaskiya ba, kowa da ra'ayinsa kan sojoji da farar hula. Magana nake a matsayin mai aikin ruwa. Ranar da aka kashe layin nan, an koya wa duk wani ɗan Nijar, mai goyon bayan soja da mai adawa da su, cewa dogaro da maƙwabci kasada ce. Asibiti da mai sayar da ƙanƙara da tela duk sun ji a jikinsu. An janye takunkumin a watan Fabrairun 2024, aka buɗe iyaka a Maris, wuta ta dawo. Amma yardar da aka yi kusan shekara hamsin ana tarawa ba ta dawo da makunni ɗaya ba. Duk injiniyan da ke Yamai yanzu yana da hujjar da ba mai iya karyawa in ya ce a gaggauta Kandaji, a ƙara tashoshin hasken rana irin ta Goru Banda. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025 tare da Mali da Burkina Faso. Kogin bai fice ba, kuma hukumar kwarin Kwara mai ƙasashe tara har gobe a Yamai take.

To ina abin ya yi aiki? Je ka kogin Senegal. Bayan farin da ya fara a ƙarshen shekarun 1960, Mali da Muritaniya da Senegal suka kafa hukumar da ake kira OMVS a 1972, Gini ta shigo a 2006. Abin da ya bambanta su da mu ƙaramin abu ne a rubuce, babba a aikace. A 1978 suka amince cewa manyan ayyukan da za a gina a kan kogin mallakarsu ce su duka, ko a ƙasar wa aka gina. Madatsar Manantali, da aka gama a 1988, a cikin Mali take, amma ba ta Mali ba ce ita kaɗai. Ta Diyama, da aka gama a 1986 kusa da bakin teku don hana ruwan gishiri hawowa, haka take. Tare suka ci bashi, tare suke biya, kowa gwargwadon amfanin da aka lissafa zai samu. Wutar Manantali megawat 200 ce, an raba ta a rubuce: Mali kashi 52, Senegal 33, Muritaniya 15. Akwai kwamitin dindindin da ke zama ya tsara yadda za a saki ruwa. Daga baya suka ƙara tashar Felu a 2013 da ta Guina a 2022 a bisa wannan tsari. Dakar na shan ruwan kogin ta tafkin Giyer, Nuwakshot ma bututu aka ja mata daga can.

Gwajin gaskiya ya zo a 1989. Faɗan makiyaya da manoma a bakin kogin ya rikiɗe ya zama tarzoma a Dakar da Nuwakshot, aka kashe ɗaruruwa, aka kori dubun dubata daga ɓangarorin biyu, ƙasashen suka yanke hulɗar jakadanci har zuwa 1992. Duk da haka hukumar kogin ba ta mutu ba, ta zama kusan ita kaɗai ce inuwar da jami'an ƙasashen biyu ke haɗuwa. Ba don sun fi mu son juna ba. Wanda kuka haɗa kuɗi kuka sayi saniya da shi, ko kun yi faɗa ba zai soke ta ba, don rabin naman nasa ne. Gwada wannan da layin Birnin Kebbi, wanda makunninsa ke hannun mutum ɗaya.

Kada ka ɗauka aljanna ce. Su ma sun yi kuskuren da muka yi. Da Diyama ta tsayar da ruwan daɗi shekara zagaye, kacalar nan tamu ta mamaye ƙasan kogin, katantanwa ta yaɗu, tsargiya ta ɓarke a garin Rishar Tol da kewaye fiye da yadda aka taɓa gani. Masu noman janyewar ruwa da masunta sun yi asara da aka danne ambaliya, har sai da aka riƙa sakin ambaliyar gangan daga Manantali a wasu shekaru. Kai, rikicin 1989 ɗin ma yana da nasaba da yadda ƙasar bakin kogi ta yi daraja bayan madatsun, masu ƙarfi suka sa mata ido. Wannan ya nuna maka haɗin kan gwamnatoci abu ɗaya ne, ɗorewa abu ne dabam. Ƙasashe uku za su iya haɗa kai lafiya lau su cuci masunci. Ɗorewa tana samuwa ne in an bar wa kogin numfashinsa, an kuma ba na wutsiya kujera a inda ake yanke shawara. A Kamaru an gwada gyara irin wannan: madatsar Maga ta 1979 ta busar da fadamar Waza da Logon, a 1994 aka buɗe wata mashiga da gangan aka mayar da ruwa, ciyawa da kifi da makiyaya suka fara komowa.

Na san za ka ce ina Tafkin Cadi. Hukumarsa ta girmi duk waɗannan, an kafa ta a 1964 tsakanin Kamaru, Cadi, Nijar da Najeriya. A 1963 faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita 25,000, a tsakiyar shekarun 1980 ya koma kusan 2,000. Babban dalili fari ne, don sama da kashi 90 cikin 100 na ruwansa daga kogin Shari da Logon yake zuwa, kason Yobe kaɗan ne, ko da yake ga mutanen arewacin tafkin wannan kaɗan ɗin shi ne komai. Tun daga lokacin yana cika yana raguwa gwargwadon damina, don haka masu cewa gobe zai ƙafe ƙurmus suna wuce gona da iri. Abin da ya fi koya mini darasi shi ne yadda mutane suka bi ruwa. Da ya janye, masunta da manoma, Barebari da Hausawa da Shuwa da sauransu, suka bi shi suna kafa ƙauyuka a kan busasshen tafki har suka tsinci kansu a cikin Kamaru ba su sani ba. Yankin Darak ke nan, wanda ya zama rigimar iyaka tsakanin Najeriya da Kamaru. Sai da kotun duniya ta yanke hukunci a Oktoban 2002, Najeriya ta janye a ƙarshen 2003. Shi kuwa babban aikin noman rani na kudancin tafkin a yankin Marte, da aka zana wa hekta sama da 60,000, ruwa ya gudu ya bar magudanarsa a tsaye. Talaka mai kwale-kwale ya iya bin ruwa, siminti bai iya ba.

Maganar jawo ruwa zuwa Tafkin Cadi daga kwarin Kwango ta hanyar magudana mai tsawon kilomita 2,400, wadda aka sake tayarwa a taron Abuja na Fabrairun 2018, ni dai ban sa ta a raina ba. Kuɗinta dala biliyan hamsin ake faɗa, masu ruwan a Kinshasa ba su yarda ba, kuma ƙasashen da suka kasa share kacala a mashigar Marma ban ga yadda za su kula da kogin da aka haƙa da hannu ya ratsa dazuzzukan ƙasashe ba. Da za a ba ni ɗan yanki na wannan kuɗi, ga inda zan kai shi.

Akwai wani dattijo da na sani a wani gari a bakin kogi, aikinsa karanta ma'aunin ruwa. Ƙarfe ne mai lambobi a kafe a gindin gada. Kullum bayan sallar asuba zai sauka ya duba inda ruwa ya tsaya, ya rubuta a wani littafi mai baƙin bango da yake ajiyewa cikin leda a ƙarƙashin katifa saboda gara. Da yamma ya sake. Ɗan alawus ɗin da ake ba shi bai kai kuɗin cefanen mako ba, kuma an yi wata da watanni ba a aiko masa ba, amma da na je na tarar bai tsallake ko kwana ɗaya ba. Ya ce mini in ya fasa, ranar ta tafi ke nan, ba a sake ganin ta. Da ya rasu ba a maye gurbinsa da wuri ba, ambaliya ta kuma tafi da ƙarfen. Shekarun da suka biyo baya fanko ne a lissafinmu. Duk wata yarjejeniyar rabon ruwa a kan littafin irin wannan mutum take tsaye. In na ƙasa ya ce an rage masa, na sama ya ce ƙarya ne fari ne, wa zai raba gardama in ba lamba? Kuma lambar sai ta zama wadda ɓangarorin biyu suka auna tare, suka yarda da ita, ana kuma turawa kan lokaci.

Dubi kogin Binuwai. Kamaru ta gama madatsar Lagdo a 1982, Najeriya kuma ba ta gina ta Dasin Hausa a Adamawa da aka tsara za ta tare abin da aka sako ba. A 2012 ambaliya ta raba sama da mutum miliyan biyu da gidajensu, a 2022 ta kashe sama da 600. Kowace shekara sai ka ji an ce Kamaru ta sako mana ruwa, alhali kaso mai yawa na ruwan daga kogunanmu na cikin gida yake, irin su Gongola da Taraba. Abin da ya fi ceton rai a 'yan shekarun nan shi ne wasiƙar da Kamaru ke aikowa kafin ta buɗe ƙofofi. Aikin da ya rage namu ne: saƙon ya tashi daga tebur a Abuja ya isa kunnen mai unguwa a Numan da Makurɗi da sauran kwana a gaba.

Tunda kai ɗan Gashuwa ne kuma kana neman abin da za ka rubuta a kundin kammala karatu, ga shawarata. In ka je hutu, sauka gindin gada ka duba ko akwai ma'auni, ka tambayi wa ke karanta shi, ina littafin yake zuwa. Sannan ka zauna da masunta da masu shinkafa da Fulanin da ke saukowa da rani, waɗanda suka haura shekara sittin, kowa ka tambaye shi a wane wata ruwa ke isowa yana yaro, a wane wata yake isowa yanzu, yaushe yake ɗaukewa. Ka rubuta da sunan wata da na ƙauye. In hanya ta yi kyau kuma iyayenka sun yarda, ka yi irin wannan a Gaidam, ka nemi wani ɗalibi ɗan Difa ya yi a nasu gefen, ko ta WhatsApp ne ku haɗa abin da kuka samu. Ka tafi da goro, kuma kada ka je ranar kasuwa, ba mai sauraronka.